Gulbi A Cikin Ɗaki: Akwatin Kifi Ba Jeren Amarya Ba Ne

 Duk macen da ta taɓa zuwa jere ta san ƙa'idar nan da babu wanda ya rubuta ta amma kowa yake bi. In an ɗora kwalla uku a dama, to uku za a ɗora a hagu. Babbar tasa a ƙasa, mai bi mata a kanta, har a kai ga 'yar autar da ke can ƙoli. Tun zamanin ƙorai aka zo kan kwalla da samiru, aka wuce zuwa tangaran da kabad mai madubi, kayan ne kawai ke canjawa, idon mai jere yana nan yadda yake. Abin da yake so shi ne komai ya tsaya a layi, komai da abokin zamansa.

To, ga wani baƙon kaya ya shigo falon mata a Sakkwato da Kano da Maraɗi, wato akwatin gilashi na kiwon kifin ado, kuma 'yan'uwanmu na Sabon Birni da Isa da ke zuwa biki birni suna gani suna sha'awa. Inda gizo ke saƙar shi ne, hannun da ya saba da jere shi ne ke shirya akwatin. Sai ki ga dutse ɗaya a tsakiya cif, furen roba ja a dama, wani jan a hagu, tsakuwa mai launin alawa a ƙasa, ga kifaye goma sha biyar suna ta kai-kawo ba su da wurin ɓuya. Sati biyu ruwa ya yi kore ko ya yi fari kamar ƙullun koko, kifi ya taso sama yana haki, kafin wata ya cika akwatin da aka saya da tsadar gaske ya koma ma'ajiyar robobin yara. Maigida kuma ya samu abin gori, kullum sai ya ce, "Ai sai da na faɗa miki."

Alhali abin da ake kwaikwayo a cikin akwatin nan gulbi ne, kuma wa zai koya wa Bagobira gulbi? A wannan yanki ne ruwan Bunsuru da na Gagare ke haɗuwa su zama Gulbin Rima. Gulbin Maraɗi kuma, da ya taso daga ƙasar Katsina ya ratsa Nijar, ya dawo ya faɗa cikinsa ta wajajen Sabon Birni, sannan ruwan ya gangara zuwa madatsar Goronyo da aka gama ginawa a 1984. Wadda ta tashi a bakin fadamar nan ta sha ganin tafkin da gulbi ke bari bayan ya janye: tushen icce ya karkata gefe guda rabinsa a ruwa, bado ya taru a lungu ɗaya, tsakiya fili ne na yashi inda 'yan ƙananan kifaye ke wasa, da inuwar mutum ta gifta su ruga ƙarƙashin saiwa. Ba ta taɓa ganin gulbi ya jera duwatsu biyu-biyu ba. Wannan hoton da ke cikin kanki shi za ki sauke a cikin gilashi.

Kada ki ɗauka ƙauyanci ne. Mutumin da duniya ta fi sani a wannan sana'a, wani Bajapane mai suna Takashi Amano wanda aka haifa a 1954 ya rasu a 2015, abin da ya yi suna a kansa ke nan. Ɗan tseren keke ne kuma mai ɗaukar hoto, ya yi ta yawon dazuzzuka da bakin rafuka yana duban yadda ruwa ke ajiye dutse da icce, ya dawo gida yana maimaitawa. Aikinsa na ƙarshe, a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, akwati ne mai tsawon mita 40. Namu na santimita 60 ne, amma idon ɗaya ne.

Kafin a zo kan ado, a fara da wurin ajiya, domin in an cika akwati ba ya ɗaguwa. Mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, yana cin ruwa lita 54, wato jarka biyu ta lita 25 da ɗan ɗori. Kowace lita kilo ɗaya ce. Ki haɗa da nauyin gilashi da yashi da duwatsu, kin doshi kilo 75, nauyin babban mutum da zai zauna a wurin dare da rana ba ya tashi. Saboda haka ba a kan kabad ɗin jere ba, ba a kan teburin roba ba. A sa kafinta ya yi teburi mai ƙarfi wanda samansa ya daidaita, a shimfiɗa soso ko kwali mai kauri a ƙasan gilashin, a kuma ajiye shi inda mai rarrafe ba zai kama ya miƙe da shi ba. A guji bangon yamma da rana ke gasawa da la'asar, a guji tagar da rana ke faɗowa kai tsaye. Haske ake so, ba rana ba.

Sai ƙasa. A nan ne mu da ba mu da tabbacin wutar lantarki ya kamata mu buɗe kunne. Tun a 1850 wani Bature a Ingila, Robert Warington, ya nuna cewa tsiron ruwa da kifi za su iya riƙe juna a cikin tulun gilashi, tsiro na ba da iskar shaƙa, kifi na ba da taki. A 1999 kuma wata Ba'amurkiya, Diana Walstad, ta fitar da littafi a kan yadda ake shimfiɗa ƙasar lambu a ƙarƙashin yashi, a cika akwati da tsirrai, a rage yawan kifi, ruwa ya zauna lafiya ba tare da dogaro da inji ba. Wannan hanyar kamar don mu aka yi ta. Ki samo ƙasar fadama daga inda ba a zuba takin zamani ko maganin feshi ba, wadda kuma babu kashin dabbobi a ciki. Ki tankaɗe, ki jiƙa, ki shanya, ki maimaita sau biyu ko uku. Ki shimfiɗa kaurin yatsa biyu a kwance, ki rufe da yashin gulbi mai ɗan gautsi wanda aka wanke har ruwansa ya fita garau. Wankin da ruwa zalla ne, sabulu ko omo ko ɗigo kada ya taɓa komai na akwatin nan. In kin samu 'yar jar marmara ki marmasa kaɗan a cikin ƙasar, tana ba tsiro sinadarin ƙarfe. Abin dariya, akwai lokacin da wani kamfanin Jamus ke sayar wa Turawa irin wannan jar ƙasa a cikin kwali, mu kuwa ita muke takawa zuwa kasuwa.

Yashin kada ya kwanta bai-ɗaya kamar shimfiɗar gado. Gaba ya yi ƙasa, kamar santimita 3, baya ya tashi ya kai 8 ko fiye, kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Wannan gangaren ne ke sa ƙaramin akwati ya yi wa ido zurfi kamar ana hango gaɓa daga cikin ruwa.

Duwatsu kuma ba kowanne ba. Ƙasar Sakkwato tana da arzikin farar ƙasa, ita ce ma ta sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina, kuma dutsen da ke da ita yana narkewa a hankali ya sa ruwa ya yi nauyi, yawancin tsirran ado kuwa ba su son haka. Gwajin mai sauƙi ne: ki kankare jikin dutsen, ki matsa masa lemon tsami, in ya yi kumfa yana 'yar ƙara ki ajiye shi. Dutse mai tauri irin na Kwatarkwashi, wanda masu kayan gini ke sayarwa, da tsakuwar gulbi da ruwa ya goge, ba su da wannan matsala. Ki goge su da buroshi ki kwarara musu ruwan zafi. Kada a ɗora dutse a kan wuta, yana iya fashewa ya yi wa mutum rauni.

Ki zaɓi uku ko biyar, duk iri ɗaya, launi ɗaya, amma girma daban-daban. Babban cikinsu, wanda Japanawa ke ba suna mai ma'anar mahaifi, shi ake fara kafawa, kuma ba a tsakiya ba. Ki raba tsawon akwatin gida uku a ido, ki kafa shi a kan layin farko ko na biyu, wato santimita 20 daga gefe, ki ɗan karkata shi kamar ruwa ya daɗe yana tura shi. Na biyu ya zauna kusa da shi yana jingina, na uku ya ɗan ja baya. Ki nutsa gindin kowanne ya kai ƙasa sosai, domin dutsen da aka ɗora a saman yashi kamar kwano a kan faifai, ido na ganewa, kuma ran da kifi ya tone ƙarƙashinsa zai faɗa wa gilashi. Ɗaya gefen ki bar shi fili. Na san hannunki zai yi ta ƙaiƙayi yana son ya cike wurin. Ki daure. Filin nan shi ne dandalin kifi, kuma shi ke sa a ga kyan ɓangaren da aka cika.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, wato icce. Itatuwan da suka fi kusa da hannunmu a Gobir da yawansu maƙiyan kifi ne. Aduwa dai a yi nesa da ita: a wurare da dama na Afirka ɓawonta da 'ya'yanta ake dakawa a zuba a ruwa don a bugar da kifi. Dogon yaro ɗacin nan nasa da ke korar ƙwari ba ya yi wa kifi daɗi. Tumfafiya da tinya da duk wani mai farin ƙaro, guba ne. Bagaruwa kuwa, wadda majema ke jeme fatar jar akuya da ita, za ta rina miki ruwa ya koma kamar shayin da aka manta a kan wuta, hasken da tsiro ke buƙata ya kasa ratsawa. Katakon kafinta da aka shafa wa fenti ko maganin gara, shi ma babu shi a lissafi. Abin da masu wannan sana'a suka daɗe suna amfani da shi lafiya, kuma muna da shi a lambunan fadama, shi ne reshen gwaba da ya bushe ƙayau. Bayansa sai tsohuwar saiwar da gulbi ya daɗe yana wankewa har ɓawonta ya fita, ba ta wari, farce ba ya shiga jikinta, in dai an san ko ta wane icce ce.

Ko wanne kika samu, ki ɓare ɓawon, ki tafasa shi in zai shiga tukunya, sannan ki jiƙa a bokiti sati biyu zuwa wata guda kina canja ruwan duk bayan kwana biyu, har ya daina fitar da launi sosai kuma ya nutse da kansa. Wanda ya ƙi nutsewa a ɗaure shi da zaren lilo a jikin dutse a binne ɗaurin. Wajen kafawa, gindin iccen ya fito daga bayan babban dutsen nan, rassansa su miƙa sama zuwa wajen filin, duk su fuskanci gefe ɗaya kamar yadda ambaliya ke barin su. In bayan kwanaki kika ga wani farin abu mai yauƙi ya lulluɓe shi, kada hankalinki ya tashi, yana ɓacewa da kansa cikin 'yan makonni.

Wata dabara da ba ta cin ko kwabo: kafin ki zuba ruwa, ki shirya dutse da icce a busasshen akwati ki bar su kwana biyu. Ki dube su daga inda kike zama da dare, ki dube su daga bakin ƙofa inda baƙuwa za ta fara hangowa. Gyara a bushe wasa ne, gyara bayan an cika ruwa kuwa tayar da laka ne.

Tsirrai su ne ran akwatin, kuma a nan ma muna da abin da wasu ke saye da kuɗin waje. Badon nan da yara ke tsinka a tafki, wanda kakanninmu suka ci 'ya'yansa da tushensa a shekarun yunwa, danginsa ne ake sayarwa a kantunan Turai da sunan badon damisa saboda ɗigo-ɗigon ganyensa. Guda ɗaya ya isa. A dasa shi a gefen duwatsu, rabin tushen a waje, in an binne shi duka ruɓewa yake yi. Ganyen da ya miƙe zai kai saman ruwa a riƙa yanke shi daga gindi, sai ya koyi zama gajere ya yi cunkus. Kainuwa dashen Allah ba ta son a dasa ta, a saman ruwa take yawo, saiwarta na tsotse dattin kifi, sai dai tana haihuwa kamar me. Kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwan, duk sati a kwashe rarar. Akwai kuma wata ciyawar ruwa marar saiwa mai siraran ganye kamar wutsiyar kyanwa da ake samu a tafkunan da ruwansu ke kwance. Ita ce ta baya: a tara ta dami-dami a bayan icce a danne da 'yar tsakuwa, tana saurin girma, tana kuma hana gansakuka samun abinci.

In maigida zai je Kano ko Legas, a ba shi saƙon wani tsiro mai kaurin ganye da ake kira anubiyas. Ɗan ƙasa ne, a rafukan kurmin kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru yake fitowa, har ma nau'in da aka fi sani yana ɗauke da sunan Charles Barter, Baturen da ya biyo ayarin Dokta Baikie a kogin Kwara a 1857 yana tattara tsirrai, ya rasu a Rabba ta ƙasar Nufe a 1859. Ba ya son haske da yawa, ba ya saurin mutuwa, amma yana da sharaɗi ɗaya: karan nan nasa mai kauri da ke kwance ba a binne shi. A jikin icce ko dutse ake ɗaure shi da zare, bayan wata biyu ya kama da kansa. Sannan ga na gida wanda ba a saye: ki yanko reshen dankalin Hausa ki saƙala a bakin akwati, gindin a ruwa ganyen a waje. Cikin kwanaki zai zubo fararen saiwoyi, kifi ya samu wurin ɓuya, ruwa ya samu mai tace shi. Furen tukunya na tudu kuwa kada a nutsa shi, ruɓewa zai yi ya ɓata ruwan.

Tsarin dai shi ne dogaye a baya da gefen da duwatsu suke, matsakaita a gindin dutse da icce suna rufe mahaɗa, gaba kuma yashi. Kuma a dasa da yawa tun ranar farko, kamar kashi biyu cikin uku na ƙasan. Tsiro biyu-uku a cikin akwati mai ƙasar fadama gayyatar gansakuka ce.

Akwai magana biyu da ba na wasa ba a kan ɗebo kaya daga gulbi. Ta farko, tun da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a yankin Sabon Birni da Isa a 2020, iyalai da yawa suka bar garuruwansu, wasu suka tsallaka Nijar, wasu suka dawo cikin gari, akwai yaran da suka yi wayo ba su taɓa wasa a bakin tafkin da iyayensu suka yi wanka a ciki ba. Wataƙila ma shi ya sa ɗan gulbin cikin ɗaki ke taɓa zuciyar wasunmu fiye da yadda yake taɓa ta 'yan birni. Amma ado bai kai a aiki yaro daji ba. A yi magana da masunta ranar kasuwa, su da suka san inda ake shiga da inda ba a shiga, su taho da bado da kainuwa a cikin roba. Ta biyu, ƙananan katantanwar da ke maƙale a ganyen ruwa su ne ke ɗauke da cutar tsargiya, mai sa yara fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Duk tsiron da ya fito daga tafki a sa leda a hannu a tsince katantanwa da ƙwansu mai kama da majina, a jiƙa shi kwana biyu a ruwan alif, babban cokali ɗaya a lita 4, a ɗauraye, sannan a ajiye shi a bokiti daban na sati biyu ana dubawa kafin ya shiga ɗaki.

Wajen cika ruwa, a ɗora faranti a kan yashi a riƙa zubawa a kansa a hankali don kada ƙasa ta taso. Ruwan rijiya ya yi, na famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe warin maganinsa ya fita. Daga nan sai haƙuri, wanda shi ne ya fi wuya. Sati huɗu zuwa shida babu kifi. A cikin wannan lokaci ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani ke yaɗuwa a jikin yashi da dutse, su ne ke mayar da gubar kashin kifi ta zama taki. Wanda ya zuba kifi ranar da ya cika ruwa, su yake kashewa da gubar jikinsu. Tunda babu mai cin tsutsar sauro tukuna, a rufe saman da yankin gidan sauro. Fitilar sola fara, awa 6 zuwa 8 a rana, ta wadatar, in an wuce haka gansakuka ce za ta gode.

Ranar kawo kifi, a manta da na gulbinmu da muka fi sabawa da su. Karfasa manomiya ce, cikin kwana biyu za ta tone duk abin da kika dasa ta cinye ganyen. Tarwaɗa za ta girma ta haɗiye maƙwabtanta. Jan kifin nan na ƙasar Sin da masu talla suka fi kawowa yana cin tsiro, yana yawan kashi, kuma ruwan sanyi yake so. Ƙananan nan masu wutsiya kala-kala da ake kira gupi sun fi dacewa da mai farawa: suna jure zafi, suna cin tsutsar sauro, kuma haihuwa suke yi ba ƙwai ba, abin da yara ke sha'awar gani. Shida zuwa takwas sun isa lita 54. Abinci sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, a kuma ja wa yara kunne cewa kifi ba ya cin tuwo ko biskit.

Yawancin kifin ado sun fi jin daɗi a ma'aunin zafi 24 zuwa 28, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafinmu na haura 40, kuma ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take yi. Da dare tsirrai ma shaƙa suke yi maimakon su bayar, shi ya sa da asuba ne ake ganin kifi a sama yana haki. In kin ga haka ki rage kainuwa, ki buɗe saman, ki juya 'yar fankar caji tana kaɗa fuskar ruwan, ki kuma canja kashi ɗaya cikin huɗu da ruwan randa, wanda dama aikin kowane sati ne. Da hunturu a lulluɓe akwatin da bargo da dare saboda sanyi da ƙura. Maganin sauro na fesawa da na kunnawa yana kashe kifi ko da kaɗan ne ya sauka a ruwa, don haka a rufe akwatin ruf kafin a fesa, haka ma in za a yi turaren wuta mai yawa. Hannun da ke da mai ko sabon lalle kada ya shiga ciki.

Rarar tsiron da aka yanke da kifin da ya yi yawa a ba maƙwabciya, ko a zuba ganyen a rami ya zama taki. Kada a kai baƙon tsiro ko baƙon kifi gulbi. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ta bayyana a ruwan Legas a 1984 ta kuma addabi masunta a kogin Kwara, asalinta daga Kudancin Amurka take, kuma a matsayin furen ado aka yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa. Ruwan da kika kwashe duk sati kuma kada ya tafi kwata, ki zuba wa zogale ko na'ana'ar da ke bayan ɗaki.